Kurtun Dole: Yadda Yaƙin Basasar Sifaniya Ya Kwashi Talakawa

Hotunan yaƙin basasar Sifaniya da suka fi yawo a duniya kusan duk na makonnin farko ne: ma'aikata cikin kayan aiki sun cika bayan manyan motoci a Barcelona suna ɗaga dunƙulallen hannu, 'yan mata rataye da bindiga, manoman Navarra da jajayen huluna sun yi sahu a dandalin Pamplona. Hotunan gaskiya ne, sai dai mutanen cikinsu 'yan tsiraru ne. Masana tarihin da suka bi takardun rundunonin biyu sun ƙiyasta waɗanda suka kai kansu a watannin farko da kusan 120,000 a ɓangaren gwamnatin Jamhuriya, da kusan 100,000 a ɓangaren sojojin da suka yi tawaye. Kafin a ajiye makamai ranar 1 ga Afrilun 1939, Jamhuriya ta kira maza kusan miliyan 1.7, ɓangaren Janar Francisco Franco kuma kusan miliyan 1.26, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 25 ba. Da kurtun dole aka yi yaƙin nan. Wanda ke son fahimtar yadda talaka ya ji shi a jikinsa sai ya bi ta kan rajistar sunaye, da albashi, da tukunyar abinci, da takardar shaida.

Tawayen ya fara a Melilla, a gaɓar Maroko, ranar 17 ga Yulin 1936, washegari ya tsallaka cikin Sifaniya. Janar Emilio Mola da ya kitsa shi ya ɗauka aikin 'yan kwanaki ne. Sai juyin mulkin ya ci a Galicia da Navarra da arewacin Castilla da Zaragoza da Sevilla, ya faɗi a Madrid da Barcelona da Valencia da Bilbao. Cikin mako guda ƙasa ta rabu biyu, kuma layin rabuwar bai nemi ra'ayin kowa ba. Leburan tashar jiragen ruwa ta Vigo wanda ya zaɓi 'yan gurguzu a zaɓen Fabrairu ya wayi gari a ƙarƙashin sojoji. Manomin Cuenca da ba ya fashin coci ya wayi gari a hannun kwamitin juyin juya hali. Inda ranar 18 ga Yuli ta riske ka, ko hutu ka je ko aikin girbi ya kai ka, nan ne ɓangarenka, kuma nan za a ɗauke ka soja.

Kafin takardar kira ta iso, tsoro ya riga ta. An kashe fararen hula kusan 50,000 a yankin Jamhuriya, cikinsu har da malaman coci kimanin 6,800, an kuma kashe fiye da 100,000 a yankin 'yan tawaye, mafi yawa a watannin farko. A irin wannan yanayi katin ƙungiya shi ne garkuwa. Jam'iyyar Falange ta 'yan fasist ba ta samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba a Fabrairun 1936, amma kafin ƙarshen shekara ta cika ta batse, har mutane suna kiran shuɗiyar rigarta rigar ceton rai, domin tsofaffin 'yan ƙwadago da yawa a cikinta suka fake. Jam'iyyar Kwaminis, wadda ba ta wuce 'yan dubbai gommai ba kafin yaƙi, ta kai kusan mutum 250,000 a Maris ɗin 1937. Saboda haka ko lissafin masu sa-kai ɗin ma sai an yi masa ragi. A cikinsu akwai mai aƙida, akwai mai neman albashi, akwai wanda ya ga bakin daga ya fi masa aminci a kan zaman ƙauyensu, inda kowa ya san wa ya zaɓa.

Watannin mayaƙan sa-kai

Gwamnati ta yi wa kanta illa tun ranar farko. Ta fitar da dokar sallamar ƙananan sojojin rundunonin da suka yi tawaye, da nufin hafsoshin su rasa mabiya. 'Yan tawaye ba su ko kalli dokar ba, amma a barikokin da ke hannun gwamnati sojoji da yawa suka tattara kayansu suka tafi gida. Ranar 19 ga Yuli sabon firaminista José Giral ya amince a raba wa ƙungiyoyin ƙwadago makamai. A Madrid aka fito da dubban bindigogi, sai aka tarar mafi yawansu ba su da sakatar da ke tura harsashi, domin an cire su an adana a barikin Montaña, wanda ke hannun masu tawaye. Sai da aka fasa barikin ranar 20 ga wata aka same su.

Kowace jam'iyya da kowace ƙungiya ta kafa ayarinta. Ayarin 'yan ƙungiyar ƙwadago ta CNT, masu aƙidar zaman babu gwamnati, ana tsara su goma-goma, sannan ɗari-ɗari, kowane rukuni ya zaɓi wakilinsa, ba sara wa hafsa, ba igiya a kafaɗa. Gwamnati tana biyan kowane mayaƙi peseta 10 a rana, kuɗin da ya ninka abin da leburan gona da yawa ke samu. A faɗan cikin gari, titi bayan titi, wannan tsari ya yi aiki. A fili kuwa ya watse. Rundunar Afirka, wato sojojin Legión da dakarun Maroko da jiragen saman Jamus da Italiya suka taimaka wajen tsallakar da su, ta saba da yaƙin duwatsun Rif na arewacin Maroko. Mayaƙan sa-kai sukan tare a kan kwalta ko a bakin gari, ba sa haƙa rami, wasunsu ma suna ganin haƙa rami ragwanci ne. Sai a ɗauke musu hankali da wuta ta gaba, a zagaye su ta gefe, su ji harbi a bayansu su tsere su bar makamai. Haka Badajoz ta faɗi ranar 14 ga Agusta, Talavera ranar 3 ga Satumba. Ga matsalar albarusai: wannan ayari yana da harsashi ba zai ba wancan ba saboda jam'iyyarsu daban. Ga kwamitocin da ke ƙara sunayen bogi a rajista don karɓar albashi da abinci. A wuraren da ke kusa da gida, wasu sukan tafi kwana su dawo da safe.

'Yan tawaye ba su shiga wannan ruɗani ba, domin barikokinsu da ofisoshin ɗaukar kurata suna nan yadda suke. Tun ranar 8 ga Agustan 1936 majalisar mulkin soja da ke Burgos ta kira zubin 1933 zuwa 1935, wato samarin da suka cika shekara 21 a waɗannan shekaru. Jamhuriya kuwa a ƙarshen Satumba, bayan Largo Caballero ya hau mulki, ta kira zubin 1932 da 1933. A watan Oktoba ta kafa Rundunar Jama'a, ta ƙirƙiro birged mai haɗe-haɗe, wadda a takarda ke da bataliya huɗu ta sojan ƙasa tare da nata manyan bindigogi da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, kusan mutum 3,500 zuwa 4,000. Ta kuma sanya duk namiji mai shekara 20 zuwa 45 ƙarƙashin dokar soja. Narkar da ayarin sa-kai cikin wannan runduna ya ɗauki watanni ana ja-in-ja. Ayarin Ƙarfe na Valencia bai sallama ba sai a Maris ɗin 1937, inda ya koma birged ta 83. A can ɓangaren, Franco ya sa mayaƙan Falange da na Carlista, 'yan Katolika masu goyon bayan sarautar gargajiya, ƙarƙashin hafsoshin soja tun Disamban 1936, a Afrilun 1937 kuma ya haɗe jam'iyyun biyu da ƙarfin doka.

Yadda ake ɗaukar mutum

Duka ɓangarorin biyu tsohon tsarin da suka gada suka yi aiki da shi, wanda kowane ƙauye ya sani da sunan quinta. Ana sa wa kowane zubi sunan shekarar da samarinsa ke cika 21, don haka zubin 1936 haihuwar 1915 ne. Majalisar gari ce ke fitar da jerin sunaye daga rajistar haihuwa da ta coci. Idan doka ta fito, a liƙa sanarwa a ƙofar majalisa, mai shela ya zaga, jarida da rediyo su maimaita. Mutum ya kai kansa cikin 'yan kwanaki, a auna tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, likita ya duba shi, a rubuta shi ɗaya daga cikin uku: ya dace da komai, ya dace da aikin taimako kawai, ko bai dace ba. Daga nan a tura shi ofishin kurata na lardi, a raba su zuwa rundunoni. A yankin Jamhuriya sau da yawa sanarwar takan ce ya zo da bargonsa da kwanonsa da cokalinsa da takalmi mai ƙwari, abin da ya isa ya nuna halin da rumbun soja ke ciki.

Talakan Sifaniya ya daɗe da ƙin wannan tsari. Har zuwa 1912 mai kuɗi yana iya fansar ɗansa gaba ɗaya, bayan nan kuma yana iya biya a rage masa wa'adi, yayin da 'ya'yan talakawa ke mutuwa a Kuba da Maroko. Don haka dabarun zillewa tsofaffi ne, kuma yaƙin ya farfaɗo da su duka. Akwai takardar likita ta saye. Akwai samun gurbi a masana'antar makamai ko layin dogo ko ofishin ƙungiya, a rubuta mutum a matsayin wanda ba a iya maye gurbinsa. Akwai hawa dutse a Galicia da Asturias da León, da tsallaka duwatsun Pyrenees da ɗan jagora zuwa Faransa, da fakewa a ofisoshin jakadanci na Madrid inda dubban mutane suka yi watanni. A bakin daga wasu sukan harbi hannunsu ko ƙafarsu, likitoci kuma suka koyi duba ƙunar albarushi a bakin rauni, sai masu dabara suka koma harbi ta cikin burodi don kada alamar ta fito. Wasu da gangan suke neman ciwon sanyi don a kwantar da su asibiti.

Hukumomi suka mayar da martani ta hanyoyi iri ɗaya. Aka rage tsawon da ake buƙata, aka taƙaita jerin cututtukan da ke hana aikin soja, aka sake kiran waɗanda aka sallama a da don a sake duba su. Wanda ya gudu, a kama mahaifinsa ko ɗan'uwansa, ko a yanke wa iyalinsa tallafi. A 1937 kowane ɓangare ya kafa hukuma guda mai kula da aikin: ta Franco ƙarƙashin Janar Luis Orgaz tun Maris, ta Jamhuriya kuma cibiyoyin da ake kira CRIM daga Satumba. Bambancin yana cikin yawan zubin. Franco ya tsaya a kusan zubi 15, Jamhuriya ta kai kusan 28. Dalili shi ne ƙasarta tana raguwa kullum, tana rasa larduna da mutanensu, ga masu gudu, don haka dole ta yi ta gangarawa zuwa yara tana hawa zuwa dattawa. Franco har ya samu sararin barin ɗa na uku a gida idan 'yan'uwansa biyu suna bakin daga, sassaucin da ya yi tasiri ƙwarai a gidajen manoma.

Ƙananan hafsoshi su ne ƙashin bayan rundunar kurata, kuma nan ma an sha bamban. Daga Satumban 1936 'yan tawaye suka buɗe kwas na 'yan makonni ga samarin da suka gama sakandare, aka yaye kusan 29,000 a matsayin ƙananan laftanoni na wucin gadi. Sun mutu da yawa har aka yi musu kirari da cewa muƙaminsu na wucin gadi ne, gawarsu ce ta dindindin. Amma 'ya'yan masu hali ne da suka yi karatu, suna iya karanta taswira, suna kuma ganin yaƙin nasu ne. Jamhuriya tana da hafsoshin asali da yawa a yankinta, sai dai ba ta yarda da su ba. An kafa ofishi na musamman da ke tantance su kashi uku: ɗan Jamhuriya, ɗan ba-ruwana, ko ɗan fasist. An kashe wasu, an ɗaure wasu, waɗanda suka rage suna aiki ana kallonsu da ido ɗaya. Makarantun yaƙin da ta buɗe sun yaye mutane masu ƙwazo, amma ƙarancin sajan da kofur da laftanan da suka san aiki bai rabu da ita ba har ƙarshe.

Albashi, tukunya da iyali

A takarda sojan Jamhuriya ya fi kowa gata: peseta 10 a rana, alhali na Franco rabin peseta kawai ke shiga hannunsa. Amma ba a ƙara peseta goman nan ba har yaƙi ya ƙare, kuɗin Jamhuriya kuma yana ta zubewa. A Nuwamban 1936 'yan tawaye suka fara buga hatimi a takardun kuɗin yankinsu, peseta ta rabu biyu, tasu ta riƙe daraja. A yankin Jamhuriya tsabar ƙarfe ta ɓace, har majalisun garuruwa da kwamitoci suka riƙa buga nasu ƙananan takardun kuɗi waɗanda ba sa aiki a garin gaba. Albashin ma yakan yi watanni bai zo ba.

Franco bai ba soja kuɗi ba, ya ba iyalinsa. Daga Janairun 1937 aka kafa tallafin iyalan mayaƙa: peseta 3 a rana idan mutum ɗaya ne ya dogara da sojan, a ƙara peseta 1 kan kowane ƙarin mutum, iyaka peseta 8. Kuɗin yana fitowa daga ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan taba da gidajen shan kofi da sinima da turare da makamantansu. Kwamitin gari ne ke tantance wa ya cancanta, wanda ke nufin tallafin ya zama linzami: matar da mijinta ya tsallaka ɗaya ɓangaren ta rasa shi nan take. Akwai son kai da jinkiri a rabon, amma sojan da ke rami ya san akwai abin da ke shiga gidansa, kuma kuɗin yana sayen burodi.

Rabon ƙasar ma ya taimaka. Jamhuriya ta samu manyan birane da masana'antu da zinariyar babban banki, wadda aka kai tan 510 nata Mosko a Oktoban 1936 don sayen makamai. 'Yan tawaye suka samu alkamar Castilla da shanun Galicia da kifinta da aladun Extremadura, ga bakunan ciyarwa kaɗan. A Agustan 1937 suka kafa hukumar sayen alkama mai tabbatar wa manomi farashi. A ɗaya gefen, gwamnati ta ƙayyade farashi ƙasa da abin da kaya suka ci, tana biya da kuɗin da ba ya sayen komai, sojoji masu yunwa suna kwashe kaji da tumaki. Manomi ya yi abin da manomi ke yi ko'ina: ya ɓoye amfaninsa, ya rage shuka, ya koma musayar kaya da kaya. Kowane sabon zubi da aka kira kuma hannayen girbi ne aka ɗebe daga gona. Ga 'yan gudun hijira da suka kwararo daga Málaga da arewa da Aragón. A 1938 abincin Madrid da Barcelona ya koma ɗan ƙaramin waken nan da Larabawa ke kira adas, har mutane suka sa masa suna ƙwayoyin Dakta Negrín, da sunan firaministan da asalinsa likita ne. A Oktoban shekarar jiragen Franco suka zubo burodi a kan Madrid, farfagandar da ta fi kowace takarda ciwo.

A wuraren da babu faɗa, kuma su ne mafi yawan bakin dagar, sojojin ɓangarorin biyu sukan yi yarjejeniyar kansu. Taba tana wajen Franco saboda tsibiran Canarias, takardar naɗa ta kuma ana yin ta a Alcoy, cikin yankin Jamhuriya. Sai a haɗu a tsakiya a yi musaya, a karɓi jarida, a ba da wasiƙa zuwa ga dangin da ke can gefen. Hafsoshi suna hukunta wannan, domin daga irin hirar ne sojan Jamhuriya ke jin abin da ake dafawa a can. A Teruel, a hunturun 1937 zuwa 1938, sanyi ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifili, wasu sojoji suna sanye da takalmin igiya da zane, aka yanke ƙafafu da yatsu masu yawa.

Mata da bayan daga

Matan da suka ɗauki bindiga, irin su Lina Ódena da Rosario Sánchez Mora, ba su da yawa, kuma daga kakar 1936 aka fara janye su da taken maza a daga, mata a baya. Babban aikin mata yana masana'antun makamai na Kataloniya, da ɗinkin kaki, da tuƙa taragon cikin gari, da jinya, da tsayuwar layin abinci tun asuba, wanda shi ya fi cin rayuwarsu. Ƙungiyar Mujeres Libres ta kai mambobi kusan 20,000, Federica Montseny kuma ta zama ministar lafiya a Nuwamban 1936.

Ɓangaren Franco yana wa'azin mace ta zauna a gida, amma ya fito da mata fiye da yadda yake faɗa. Mercedes Sanz-Bachiller ta kafa gidajen ciyarwa a Valladolid a Oktoban 1936, waɗanda suka zama Auxilio Social. A Oktoban 1937 aka wajabta wa matan da ba su yi aure ba, masu shekara 17 zuwa 35, hidimar wata shida, wadda ba tare da takardarta ba mace ba ta samun aikin gwamnati ko shaidar karatu. Aka ƙirƙiro ranar kwano ɗaya, 1 da 15 ga kowane wata da farko, daga baya kowane mako: gida ya ci abinci kala ɗaya ya ba da rarar kuɗin, masu karɓa suna bi gida-gida da rajista, wanda ya ƙi a ci shi tara a buga sunansa a jarida. Mata suka ba da zobban aurensu. Wasu dubbai suka zama iyayen ɗakin yaƙi, kowacce ta ɗauki soja tana rubuta masa wasiƙa tana aika masa taba da rigar sanyi.

Kowane ɓangare ya sa mutum na musamman a cikin bataliya don kula da zukata. A wajen Franco fada ne, wato malamin coci: yana jagorantar addu'a, yana rubuta wa jahili wasiƙa, yana sanar da iyali mutuwa. Bishop ɗin Salamanca, Pla y Deniel, ya kira yaƙin na kare addini tun Satumban 1936, a Yulin 1937 kuma mafi yawan bishop-bishop suka sa hannu a wasiƙar goyon baya. 'Yan Carlista suna ɗinka hoton Zuciyar Yesu a ƙirji da rubutun da ke umartar harsashi ya tsaya. Abin da ya rikita wannan labari shi ne Baskawa, mutanen yankin Bilbao, Katolika na gaske, waɗanda suka yi yaƙi a gefen Jamhuriya da nasu fada-fadan. A sauran rundunar Jamhuriya kwamishinan siyasa ne ke wannan aiki, kuma abin da ya fi barin tasiri a aikinsa karatu ne. Aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na manya ba sa karatu, a kudancin ƙasar abin ya fi haka. A Janairun 1937 aka kafa rundunar malamai da ke bin sojoji har cikin rami da allo da littafin koyon baƙi wanda jimlolinsa duk taken siyasa ne. Dubbai gommai suka koyi rubutu a haka. Birged-birged suna buga ɗaruruwan jaridunsu, Kataloniya har motar laburare take aikawa daga. Abin da kurtun ya fi so da karatun shi ne ya rubuta wa matarsa da hannunsa, wasiƙun da masu tacewa suka riƙe kuwa cike suke da kukan abinci, ƙwarƙwata da rashin hutu.

Mutanen Maroko da fursunoni

Kusan Musulmin Maroko 80,000 suka yi yaƙi a gefen Franco, adadin da ya ninka na baƙin da suka zo taimakon Jamhuriya a Birged na Ƙasa da Ƙasa, waɗanda ba su wuce 35,000 ba. Yankin Rif ya sha fari da rashin amfanin gona a shekarun, kuma shekara goma kacal da murƙushe Abdulkarim, jagoran tawayen Rif a kan mulkin Sifaniya. Ana ɗaukar mutane ta hannun shugabannin ƙabilu, a ba sabon kurtu albashin wata biyu a hannu, da sukari kilo huɗu, da gwangwanin mai, da burodi ga iyalinsa gwargwadon yawan 'ya'ya. Aka gaya musu yaƙi ne da marasa addini. Hukumomin Franco sun kula da abin da zai riƙe su: mahauta Musulmi, limamai, asibitoci da maƙabartu na daban, har jirgin ruwa aka ba da don aikin Hajji a 1937. A fagen fama kuwa su ake turawa gaba, suka mutu da yawa. Farfagandar ɓangarorin biyu ta yi amfani da su wajen tsorata jama'a, Janar Queipo de Llano ma yana yi wa matan 'yan Jamhuriya barazana da su a jawabansa na dare a rediyon Sevilla. Fanshon da waɗanda suka tsira suka samu daga baya bai kai ya kawo ba.

Wata rijiyar kurata ita ce fursunoni. Daga Maris ɗin 1937 kwamitoci a sansanoni irin su Miranda de Ebro suna kasa kamammu: mai goyon baya, wanda ake shakka, da masu laifin siyasa ko na jini. Abin da ke raba su takardar shaida ce daga fadan garinsu, ko kwamandan jandarma, ko shugaban Falange, don haka uwaye da mata suka yi ta zarya a ƙofofin waɗannan mutane. Wanda aka wanke sai a canza masa kaki a mayar da shi daga, wanda ake shakka a tura shi bataliyar aikin ƙarfi, sauran a kai su kotun soja. Bayan faɗuwar Bilbao da Santander da Gijón a 1937, cikin fursunoni fiye da 100,000 da aka tantance, kusan rabi sun koma yaƙi a rundunar da suka yaƙa jiya. Hafsoshin Franco sun san da yawa daga kuratansu 'yan hagu ne. Ba su nemi su canza zuciya ba, sun dai rarraba su cikin amintattu, suka sa musu ido, suka bar musu ƙofa: ka yi aikinka, a manta da katinka na da.

A Afrilun 1938, bayan rushewar dagar Aragón, Jamhuriya ta kira zubin 1941, haihuwar 1920, yara masu shekara 17 da 18, kusan 30,000. Su ake kira zubin masu shan kwalbar jarirai. Bayan horon 'yan kwanaki aka kai su kogin Segre, sannan Ebro, inda aka gwabza daga 25 ga Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba. A Agustan shekarar Negrín ya yi afuwa ga masu gudun soja idan suka dawo kafin tsakiyar Satumba. Zuwa Janairun 1939 ana kiran magidanta masu shekara arba'in da ɗoriya, waɗanda ke zuwa da buhun kayansu a kafaɗa, da yawa ba a ma samu bindigar ba su ba. Barcelona ta faɗi ranar 26 ga Janairu ba tare da wani faɗa ba, mutum kusan 450,000 suka tsallaka Faransa, a ƙarshen Maris rundunonin tsakiya suka watse kowa ya kama hanyar garinsu.

Sabuwar gwamnati ba ta lissafa aikin sojan da aka yi wa Jamhuriya ba. Samarin zubin 1936 zuwa 1941 da suka yi yaƙi a can aka sake tantance su, aka sake kiransu. Waɗanda takardarsu ta nuna rashin goyon baya aka tura su bataliyoyin horo suna fasa dutse da gina hanyoyi da katangun tsaro a Pyrenees da kewayen Gibraltar da Maroko. Saboda Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta tsawaita wa'adi, har wasu daga cikin yaran da aka ɗauka a 1938 ba su cire kaki ba sai wajen 1945.